Denis Burkitt: Likita Mai Ido Ɗaya da Ya Bi Sawun Cuta a Kan Taswira

A asibitocin koyarwa na Afirka, daga Kampala zuwa Ibadan har Zariya, akwai wata sankarar yara da likitoci ke kira da sunan wani Bature ɗan ƙasar Ailan. Mutumin ba masanin ɗakin gwaje-gwaje ba ne. Likitan fiɗa ne, ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka, kuma kayan bincikensa ba su wuce taswira da kyamara da wasiƙu da tsohuwar mota ba. Da waɗannan ya tayar da ƙura sau biyu a duniyar likitanci, da fari a kan ciwon dajin muƙamuƙin yara, daga baya a kan cututtukan hanji.

Daga Enniskillen zuwa Lira, 1911 zuwa 1948

An haifi Denis Parsons Burkitt ranar 28 ga Fabrairu 1911 a garin Enniskillen da ke arewacin Ailan. Mahaifinsa, James Burkitt, injiniya ne mai kula da hanyoyin gundumar Fermanagh, sai dai abin da ya yi suna a kansa daban ne. Yana cikin mutanen farko da suka riƙa ɗaura wa tsuntsaye zobe a ƙafa don su bambance wannan da wancan. Da haka ya bi wani ɗan tsuntsu mai jan ƙirji da Turawa ke kira robin, yana zana iyakar kowanne a takarda, inda yake kiwo da inda ba ya tsallakawa. Duk wanda ya san abin da ɗan ya zo ya yi zai ce ba ƙasa ya ɗauka ba.

Yana shekara 11 ya rasa idonsa na dama. Ana cewa a wata hatsaniyar yara ce a makaranta, aka yi jifa, dutse ya farfasa masa tabarau. A 1929 ya shiga kwalejin Trinity da ke Dublin da niyyar gadon aikin uba, amma injiniyanci bai karɓe shi ba. Mutum ne mai riƙo da addinin Kirista ƙwarai, kuma ya gamsu cewa likitanci ne abin da Allah ya nufe shi da shi, sai ya sauya layi. Ya gama a 1935, ya sami shaidar ƙwarewa a fiɗa daga Edinburgh a 1938.

Afirka yake so. Ya nemi aiki a hukumar lafiya ta ƙasashen mulkin mallaka, aka ƙi shi, rashin ido ɗaya na cikin dalilai. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya buɗe masa ƙofa: ya shiga sashen likitocin soja, aka tura shi Kenya da Somaliya da Silon. A 1943 ya auri wata nas mai suna Olive Rogers. Da aka gama yaƙi, hukumar da ta ƙi shi ta ga cewa wanda ya yi wa sojoji fiɗa da ido ɗaya zai iya yi wa kowa, sai ta ɗauke shi a 1946 ta tura shi Lira, a gundumar Lango ta arewacin Yuganda.

A Lira ya fara nuna halinsa. Masu gwaiwa suna ta zuwa a yi musu aiki, shi kuwa sai ya shiga tambayar kowa ƙauyensu. Da ya tara lissafi, ya ga kusan duk daga gabashin gundumar suke, na yamma jefi-jefi. Wani likitan da ya yi fiɗarsa ya wanke hannu ya tafi gida. Burkitt ya rubuta abin ya buga shi. A 1948 aka dawo da shi asibitin Mulago a Kampala, wanda ɗaliban likitanci na Makerere ke koyon aiki a cikinsa.

Yaro na farko, 1957

A 1957 abokin aikinsa Hugh Trowell ya kira shi ya duba wani yaro ɗan shekara 5. Muƙamuƙin yaron ya kumbura sama da ƙasa, hagu da dama, haƙora sun yi sako-sako. Burkitt ya ɗauki hoto, ya rasa abin cewa, domin sankara ba ta saba tsirowa a wuri huɗu lokaci guda ba. Yaron bai daɗe ba ya rasu. Bayan 'yan makonni, yana zagayen marasa lafiya a asibitin Jinja, ya hango wani yaron da fuska iri ɗaya. Wannan kuwa har da ƙari a cikinsa.

Na biyun ne ya hana shi barci. Ya koma ya tono tsofaffin fayiloli, ya tarar an sha ganin yara irin waɗannan, amma kowane likita da sunan da yake ba abin. In ƙarin ya fito a ƙoda a ce sankarar ƙoda, in ya turo ido a ce ta ido, in a ƙwan mahaifa ne a ba shi wani sunan. Tun farkon ƙarni na 20 ma, likitan mishan Albert Cook ya zana irin wannan fuska a kundin asibitin Mengo. Cutar tsohuwa ce. Abin da Burkitt ya kawo shi ne cewa duk abu guda ne.

A 1958 ya buga bayanin yara 38 a mujallar British Journal of Surgery. Ba wanda ya kula. Sai a 1961, da shi da masanin ƙwayoyin tsoka Greg O'Conor suka nuna a mujallar Cancer cewa sankara ce ta ƙwayoyin garkuwar jiki, irin waɗanda ke taruwa a kaluluwa, sannan aka fara juyowa ana sauraro. Daga baya aka gano babu ƙarin da ya kai ta saurin girma a jikin ɗan Adam, domin takan ninka kanta cikin kwana ɗaya zuwa biyu.

Doguwar tafiya, 1961

Tambayarsa ta Lira ita ya sake ɗaukowa: a ina ake samun ta, a ina babu? Da 'yan fam kaɗan na tallafi ya buga takardu masu hoton yaran, ya watsa su sama da 1,000 zuwa asibitocin gwamnati da na mishan a faɗin nahiyar. Duk amsar da ta zo, sai ya kafa alama a taswirar da ke bangon ofishinsa. A hankali alamun suka yi ɗamara a tsakiyar Afirka, da wata jela da ta gangara gaɓar gabas har Mozambik.

Ranar 7 ga Oktoba 1961 ya kama hanya don ya ga bakin iyakar da idonsa. Abokan tafiyarsa likitoci biyu ne, Ted Williams na asibitin mishan na Kuluva a yankin Arua, wanda ya iya gyaran mota, da Cliff Nelson ɗan Kanada mai aiki a Tanganyika. Motarsu tsohuwar Ford ce da ta riga ta sha hanya. Sun yi mako 10, sun ci kusan mil 10,000, sun shiga asibitoci sama da 50, har Johannesburg. Duk kuɗin da aka kashe bai kai fam 1,000 ba.

Abin da suka dawo da shi ya ba kowa mamaki. Kusa da tsakiyar duniya ana samun cutar har tsayin ƙafa 5,000 daga teku, sama da haka sai ta ɓace. Da aka gangara kudu, wajen Malawi ta yau, iyakar ta sauko ƙafa 3,000. Can ƙasa kuma sai a kwari da bakin teku, ƙasa da ƙafa 1,000. Alexander Haddow, masanin ƙwari a cibiyar binciken bairos ta Entebbe, shi ya warware ƙullin. Ya ce tsayin ba shi ne maganar ba, sanyi ne: duk inda zafi ke faɗuwa ƙasa da kimanin digiri 15 a ma'aunin Salshiyas, cutar ba ta zama.

Da Burkitt ya leƙa Afirka ta Yamma bayan haka, sai ya sami rabin amsar da ya rage. A kudancin Nijeriya mai yawan ruwa cutar ta yi yawa. A Kano, duk da cinkoson jama'arta, da ƙyar aka nuna masa masu ita. A Gana ma haka, kewayen Accra mai ƙarancin ruwan sama ya fita daban da dazukan da ke cikin ƙasar. Zafi da danshi ke nan, wato gidan sauro. Sai dai maganar Kano tana buƙatar a sa mata ayar tambaya. Rahotannin da asibitocin koyarwa na Zariya da Kano suka fitar shekaru bayan haka sun sa wannan cuta cikin sankarorin yara da aka fi gani. Mai ƙidaya a asibiti yakan ƙirga wanda aka kawo ne, yaron da ya mutu a ƙauye ba ya shiga taswira. Wannan rauni zai sake biyo Burkitt a gaba.

Hazon da ya taimaki kimiyya, 1961 zuwa 1964

Kafin tafiyar, ranar 22 ga Maris 1961, Burkitt ya gabatar da lacca a asibitin Middlesex na Landan. Cikin masu sauraro akwai Anthony Epstein, wanda ya yi shekaru yana nazarin bairos ɗin da ke sa wa kaji sankara. Da ya ji cewa ga ciwon daji mai bin yanayi, sai ya ayyana cewa lallai wani ƙwaro ne ke yaɗa wani bairos. Ya ajiye aikin da yake yi, ya roƙi Burkitt ya riƙa aiko masa da yankin ƙarin ta jirgin sama daga Kampala.

Kusan shekara uku ba a ga komai ba. A Disamba 1963 hazo ya rufe Landan, aka karkatar da jirgin zuwa Manchester, saƙon ya iso a makare. Ruwan da tsokar ke ciki ya yi gurɓi-gurɓi, kamar ya lalace. Epstein bai zubar ba, ya ɗiga shi ƙarƙashin madubi, sai ya ga ƙwayoyin sankarar ne da kansu suka warwatse suna yawo da rai. Daga nan aka iya renon su a kwalba. A Fabrairu 1964 ya duba su da madubi mai aiki da lantarki ya ga bairos. Ranar 28 ga Maris 1964 mujallar Lancet ta buga labarin da sunayen Epstein da Bert Achong ɗan Trinidad da Yvonne Barr. Shi ne bairos na farko da aka danganta da sankarar ɗan Adam, ana kiransa Epstein-Barr. A kusan lokaci guda, a Ibadan, R. J. V. Pulvertaft ya reni ƙwayoyin wannan sankara daga wani yaro ɗan Nijeriya, kuma zuriyarsu, mai suna Raji, har yau ana aiki da ita a ɗakunan gwaji na duniya.

Abin dariyar shi ne hasashen da ya kai su ga nasarar kuskure ne. Sauro ba ya ɗaukar wannan bairos, ta yawu yake bi. Werner da Gertrude Henle na Philadelphia sun nuna cewa yana ko'ina, Turai da Amurka da Afirka, kuma sama da kashi 90 cikin 100 na manya suna ɗauke da shi lafiya lau. To me ya haɗa cutar da zafi da danshi? Gilbert Dalldorf ya kawo shawarar maleriya, Burkitt ya karɓa ya ƙarfafa ta a 1969. Hujja mai kyau ita ce tsibiran Zanzibar da Pemba: zafi da ruwa sun wadata, amma an yaƙi sauro, sankarar kuwa da wuya a gan ta. Zazzaɓin cizon sauro mai maimaituwa yana gajiyar da garkuwar yaro, yana kuma zuga ƙwayoyin da bairos ɗin ke ɓoye cikinsu su yi ta hayayyafa. Cikin wannan gaggawa wani yanki na kuromosom na 8 yakan ɓalle ya manne a na 14, abin da aka tabbatar a 1976. A 1982 aka gano cewa ɓallewar tana kunna wata ƙwayar gado mai suna MYC, wadda ke umartar ƙwayar halitta ta yi ta rabuwa ba tsayawa.

Magani a ƙasar da ba ta da na'ura

A lokacin babu na'urar gasa sankara a Yuganda, wuƙar fiɗa kuwa ba ta da amfani ga ƙarin da ya bazu ko'ina. Burkitt ya shiga roƙon kamfanonin magani su ba shi kyauta. Dabararsa ita ce ya nuna musu cewa marasa lafiyarsa ba a taɓa gasa su ba, don haka duk abin da aka gani aikin maganin ne tsantsa. Ya sami methotrexate, daga baya cyclophosphamide da vincristine. Sakamakon ya wuce zato. Yaron da fuskarsa ta jirkice, bayan allura ɗaya ko biyu sai ƙarin ya narke cikin makonni, wasu kuma suka warke ke nan har abada. A zamanin da ake ganin magani ba ya warkar da ciwon daji, wannan babban labari ne.

Ba shi kaɗai ba ne. Peter Clifford yana irin wannan aiki a Nairobi, Victor Anomah Ngu ɗan Kamaru kuma a asibitin koyarwa na Ibadan. A 1967 aka buɗe cibiyar jinyar wannan sankara a Kampala tare da haɗin gwiwar Amurka, ƙarƙashin John Ziegler, ita ce tushen cibiyar sankara ta Yuganda ta yau. A 1972 Burkitt da Ngu da Ziegler suna cikin waɗanda aka ba lambar Lasker, kuma a shekarar ne aka zaɓi Burkitt cikin ƙungiyar manyan masana kimiyya ta Birtaniya, Royal Society.

Daga muƙamuƙi zuwa hanji, 1966 zuwa 1981

A 1966 ya bar Yuganda ya koma Landan ƙarƙashin hukumar binciken lafiya ta Birtaniya. Yana da shekara 55, sunansa ya riga ya shiga littattafai. Sai Richard Doll, wanda ya tabbatar da alaƙar taba da sankarar huhu, ya haɗa shi da wani tsohon likitan sojan ruwa, T. L. Cleave, da aka fi sani da Peter. Cleave ya daɗe yana cewa yawancin cututtukan Turawa daga farin sukari da farin fulawa suke, manyan likitoci kuwa suna yi masa kallon mai taurin kai. Burkitt ya saurare shi ya tuna shekara 20 da ya yi yana buɗe cikin mutane a Yuganda. Sau nawa ya cire afendis? Sau nawa ya ga sankarar babban hanji, ko tsakuwar matsarmama, ko 'yan aljihunan nan da ke bulluƙowa a bangon hanjin tsofaffin Turawa? Da wuya.

Tambayar ce dai ta juyo da baya. Da can yana neman abin da Afirka ke da shi Turai babu, yanzu yana neman abin da Turai ke da shi Afirka babu. Ya sake watsa takardun tambaya ga asibitocin karkara. Sai dai ya rabu da Cleave a wuri guda: shi a ganinsa laifin ya fi yawa ga abin da aka cire daga abinci, ba abin da aka ƙara ba. Injinan niƙa na ƙarfe da suka yaɗu a Turai wajen 1880 sun riƙa tankaɗe dusar alkama kaf. Bahaushe ya san wannan aiki sarai, don surfe ke nan: a fitar da dusa a ba akuya, mutum ya ci tsaba. Tsohon abokinsa Trowell ne ya tsara ma'anar abin a 1972, wato ɓangaren tsiro da hanjin mutum ba ya iya narkarwa, wanda yau ake kira faiba.

Hujjarsu ba ta da daɗin ji, amma tana da ƙarfi. Da shi da Alec Walker na Johannesburg da likitan fiɗa Neil Painter suka sa mutane sama da 1,000 suka haɗiyi 'yan ƙwayoyin roba, aka auna tsawon lokacin fitarsu, aka kuma ɗora bayan gidan a sikeli. Sakamakon ya fito a Lancet a 1972. Mutanen ƙauyen Yuganda suna fitar da wajen giram 470 a rana, abinci na ratsa su cikin kwana ɗaya da rabi. Sojojin ruwan Ingila da ɗaliban makarantar kwana kuwa giram 100 da ɗoriya, cikin kwana uku ko fiye. Burkitt ya ce bayan gida ƙarami mai tauri yana sa yunƙuri, yunƙuri na kawo basir da aljihunan hanji, daɗewarsa a ciki kuma yana barin guba ta jima tana gogar bangon hanji har sankara ta tsiro. Tun 1971 ya riga ya buga wannan ra'ayi game da sankarar hanji a mujallar Cancer.

Daga nan ya zama mai wa'azi. Ya zagaya duniya da hotunan bayan gidan mutane da ya ɗauka a dazukan Afirka, yana haska su a bango gaban manyan farfesoshi. Ana ruwaito cewa yakan ce ƙasar da mutanenta ke ƙaramin bayan gida dole ta gina manyan asibitoci. Yakan kuma nuna zanen famfo yana ambaliya, likitoci sun duƙufa goge ƙasa, ba wanda ya tuna ya rufe famfon. Littafinsa na 1979 don talakawa, Don't Forget Fibre in Your Diet, ya yi kasuwa a ƙasashe da dama, kuma a 1981 shi da Trowell suka fitar da Western Diseases. Kamfanonin abincin karin kumallo suka ga kasuwa, suka fara rubuta yawan dusa a jikin kwali.

Bayan 1993

Ya rasu ranar 23 ga Maris 1993 a Gloucester sakamakon shanyewar jiki, yana da shekara 82, aka binne shi a ƙauyen Bisley. Bai ga guguwar da ta taso wa ra'ayinsa ba. A 1999 wani bincike a kan nas-nas sama da 88,000 a Amurka, da aka bi su shekara 16, bai ga wata kariya daga faiba ba. A 2000 gwaje-gwaje biyu, ɗaya da dusar alkama, sun kasa hana tsiron hanji dawowa. Masu suka suka tuno raunin nan na taswira: a ƙauyukan da ya ƙirga mutane ba su cika kaiwa tsufa ba, sankarar hanji kuwa cutar manya ce, kuma ba na'urar leƙa hanji. Banda haka, mai cin dusa a ƙauye ba ya cin nama da mai sosai, yana kuma aikin ƙarfi, to wanne ne ya kare shi?

Sai ma'aunin ya sake juyawa. A 2003 binciken EPIC, a kan mutum sama da 500,000 a ƙasashen Turai 10, ya nuna masu yawan cin faiba sun fi tsira. Haɗakar bincike ta 2011 ta kiyasta raguwar haɗarin da kashi 10 cikin 100 ga kowane giram 10 a rana. A 2015 Stephen O'Keefe ya yi abin da zai faranta wa Burkitt rai: baƙaƙen fatan Amurka 20 a Pittsburgh da mutanen karkara 20 a KwaZulu-Natal suka yi musayar abinci na mako biyu kacal. Alamun kumburi a hanjin Amurkawan suka ragu, na 'yan Afirka ta Kudun suka ƙaru. Dalilin ya zarce wanda Burkitt ya bayar, domin ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a hanji ne ke cin faiban su mai da shi wani sinadari, butyrate, mai ciyar da bangon hanji.

Adalci shi ne a ce ya wuce gona da iri. Ya ɗora wa rashin dusa cututtuka da yawa, har da kumburin jijiyoyin ƙafa, kuma wasu daga ciki ba su tabbata ba. A kan sankarar babban hanji kuwa hujja ta fi karkata gare shi. Sankarar yaran da ke ɗauke da sunansa ma an san maganinta sama da shekara 60. A ƙasashe masu arziki kusan 9 cikin 10 na yaran da suka kamu suna warkewa. A yawancin Afirka kudu da Sahara, inda aka fara gano maganin, waɗanda ke tsira sau da yawa ba su kai rabi ba.